Keken Ɗalhatu da Wasiyyar Ladan

Duk wanda ya daɗe a Gumel ya san Ɗalhatu Kurs, ko da bai taɓa kai masa gyara ba. Rumfarsa tana gindin wata darbejiya a bakin titin da ya nufi Maigatari. Shekara arba'in da 'yan kai yana nan zaune kan guntun turmi, da kwanon ruwan da yake neman hujin taya a ciki, da akwatin sufanu wanda marfinsa ya daɗe da rabuwa da shi. Dogo ne busasshe, mai ɗan ranƙwafo, dariyarsa tsada gare ta. Ba a taɓa yabonsa da fara'a ba. Abin da ake yabonsa da shi ɗaya ne, in Ɗalhatu ya ɗaure noti, to ya ɗauru.

Sunan Kurs kuwa kekensa ne ya ja masa, saboda da wannan suna mutanen Damagaram ke kiran keken tsere. Ƙirar Faransa ne, siririn taya, kansa ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago, giya biyar a baya, biyu a gaba, da 'yan sanduna biyu na canza giya a jikin ƙarfen tsakiya. Da can shuɗi ne. Da shi yake cin kasuwanni, Alhamis ya ɗaure akwatinsa a kariyar bayan keken ya tafi Maigatari, wata rana Gagarawa, wata rana Sule Tankarkar, ya gyara na gyarawa ya dawo kafin magariba. Masu mashin suna wuce shi suna masa tsiya, shi ko kallo ba su ishe shi ba.

Kekunan biyu ne asalinsu. Ɗayan yana wani ɗan ƙauye da ake kira Rijiyar Tsamiya, arewa da Sule Tankarkar, dab da iyaka, a gidan amininsa Hamma, ladanin garin. Tare suka tafi Damagaram ci-rani suna samari, suka yi shekara huɗu suna aiki a shagon wani mai gyaran kekuna, tare kuma suka sayi kekunan a hannun wasu Turawa malaman makaranta da za su koma gida. A can Ɗalhatu ya koyi sana'a. Hamma kuwa, wanda ya fi shi kyau da baki da farin jini, wani abin daban ya koyo.

Akwai wata mai gidan barasa a bayan tasha, sunanta Kyauta. Hamma ya haukace a kanta har ya daina sanin ranar Juma'a. Wata rana da rana tsaka, a buge, ya kwanta wani mutumin bakin teku ya yi masa jarfa a ƙirji da allura da baƙin tawada, hoton mace ba ko zane a jikinta, da sunan Kyauta a ƙasa da manyan haruffan boko. Ɗalhatu yana tsaye aka yi, har shi ya riƙe masa riga. Wannan riƙon rigar bai taɓa yafe wa kansa shi ba.

Kyauta ta bi wani direba ta tafi, kamar yadda kowa ya san za ta yi in ban da Hamma. Ya dawo gida ya tuba, tuba ta gaske, ba ta ganin ido ba. Ya koma karatu da gemunsa, ya auri Rakiyya, Allah ya ba shi murya, aka ba shi kiran salla. Ya taɓa sa wuƙa a wuta ya ɗora a kan hoton, fuskar matar ta ƙone, sauran jikin da sunan suka tsaya daram. Tun daga nan ba wanda ya sake ganin Hamma ba riga. A gona, a tsakiyar bazara, a wajen yaɓen masallaci da kowa ke tuɓewa, shi yana cikin taguwarsa mai maɓalli har wuya. Mutanen gari suna cewa ba su taɓa ganin mai kunya irin Ladan ba, har iyaye na kafa wa 'ya'yansu misali da shi. Mutum biyu kaɗai suka san abin da ke ƙarƙashin taguwar, matarsa da Ɗalhatu.

Shekarar da mai ya yi tsada, ɓarin jikin Hamma na dama ya shanye. Ya ƙi asibiti ƙememe, aka yi ta cewa tawakkali ne. Ɗalhatu ya je duba shi, ya same shi kwance a zaure, kekensa rataye a bango sama da kansa, tayoyin sun sace. Da masu gaisuwa suka watse, Hamma ya kamo hannunsa da na hagu, bakinsa a karkace.

"Makaniki," haka yake kiransa tun Damagaram, "in ta zo, kai za ka yi mini wanka. Kai kaɗai. Mai zuba ruwa ya tsaya bayan labule. Na gaya wa Liman, na gaya wa 'yata Naja'atu."

"Kai dai Ladan, ka cika gaggawa. Wa ya san gawar fari?"

"Ban ce ka yi mini wa'azi ba. Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

"Na ɗauka."

"Shekara arba'in ina kiran mutanen nan salla," in ji Hamma. "Kada ranar ƙarshe su gano wa ke kiransu."

Ɗalhatu ya ce masa in dai yana numfashi, ba idon da zai ga ƙirjin nan sai nasa. Daga wannan rana ya zama mutum mai jiran waya. Ko banɗaki zai zaga, 'yar wayarsa tana aljihu.

To amma keke ma tsufa yake. Abin da ya fara gajiya shi ne kaca, ta miƙe har tana tsalle. Irin tata mai faɗi ta ɓace a kasuwa, sai siririya ta zamani. Ya sa, ta zauna. Sai ɗan hannun da ke ɗaga kaca daga faifai zuwa faifai ya karye. Ya samo na zamani daga jikin wani keken gwanjo, ya ɗan goge nan ya lanƙwasa can, ya haɗa shi da tsofaffin sandunan canza giya, abin ya yi aiki kamar tare aka haife su. Ai kuwa kansa ya ƙara girma. Ya riƙa nuna wa masu kawo gyara, yana cewa su duba, kakan keke da jikansa a jiki ɗaya, ba wanda zai iya wannan daga nan har Haɗeja. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan gaskiyar ce ta kai shi ta baro.

Saura firiwil, wato tarin faifan nan masu haƙora da ke jikin wilin baya, waɗanda kaca ke ja. Haƙoransa sun cinye sun yi tsini, sabuwar kaca tana zamewa a kansu duk lokacin da ya taka da ƙarfi. Ya nema a Maigatari, ya aika Damagaram, ya sa direbobi cigiya a Kano. Kowa ya ce masa wannan ai sai gidan tarihi.

Da ya koma Rijiyar Tsamiya ya ba Hamma labari, don hira kawai. Hamma ya ɗaga ido ya dubi bango.

"Ga nawa nan. Ko rabin tafiyar naka bai yi ba. Cire ka tafi da shi."

"A'a."

"Me zan yi da shi? Ka ga alamar zan sake hawa?"

"Za ka hau, in Allah ya yarda."

"Makaniki, kada ka mai da ni yaro."

Ɗalhatu ya miƙe ya ce rana ta yi, zai kama hanya. A ransa abin ya fi ƙarfin a faɗa. Ya za a yi ya sauke keken mutum daga bango, mutumin yana kwance yana kallo, ya kwance shi gaɓa-gaɓa a zauren da jama'a ke shige da fice? Ai rabon gado ke nan mai kaya yana da rai. Me Rakiyya za ta ce, me gari zai ce? Cewa za a yi aminin Ladan ya fid da rai da shi har ya fara kwasar kaya. Kara ce ta hana shi, kuma kara abu ne mai kyau, sai dai akwai wadda ke kashe mai ita har da na kusa da shi.

Alhamis mai zuwa ya je wurin Abdurra'uf mai kayan keke a Maigatari, ya ɗauki sabon firiwil mai faifai bakwai, yana ƙyalli. Abdurra'uf ya juya shi a hannu ya ce, "Baba, wannan fa na kekunan yanzu ne. Zai hau naka kuwa?" Ɗalhatu ya ce masa tun ba a haife shi ba yake wannan aiki.

Ya san amsar tambayar sarai, ya fi kowa sani. Firiwil murɗa shi ake a jikin cibiyar wili, a kan wani tsagi da masu gyara ke kira tiredi. Na Faransa daban yake da na sauran duniya. Bambancin bai kai kaurin gashi ba, ido ba ya ganinsa, amma yana nan. Maigidansu na Damagaram ya sha faɗa musu, har da ranƙwashi, cewa baƙon firiwil zai hau cibiyar Faransa, zai yi kamar ya zauna, ranar da ka fi bukatarsa ya kwashe tiredin ya bar ka. Ɗalhatu ya murɗa sabon, ya ji yana rawa a zagayen farko, a na huɗu ya cije. Ya fitar, ya yanko siririn gwangwanin tumatir ya naɗa a kan tiredin, ya shafa giris, ya sa sufana da guntun bututu ya danna da dukan ƙarfinsa har ya shige. Da yake faifai bakwai sun fi biyar faɗi, sai da ya sa ƙafa ya buɗa ƙarfen bayan keken kafin wilin ya shiga. Da wani ne ya kawo masa irin wannan aiki, da ya kira shi gyaran gangar Auzinawa ya kore shi daga rumfar.

Abin haushi, sai ya yi aiki. Giya bakwai, laushi kamar me. Ya gaya wa kansa ai shi ba tsere yake ba, a zaune yake tuƙi, a hankali, ba zai taɓa miƙewa a kan feda ba. Na ɗan lokaci ne kafin a samo na asali.

Sau ɗaya ya je Rijiyar Tsamiya da shi. Yana tura keken cikin zaure, wilin baya na 'yar ƙararsa, Hamma ya buɗe ido.

"Wannan ba kukan Faransa ba ne."

"Kunnenka ne ya tsufa."

"Me ka sa masa?"

"Abin da ya samu."

Hamma ya daɗe yana kallonsa. "Ka manta ranƙwashin mutumin nan ke nan," ya ce. Ɗalhatu ya kawo zancen damina. Bayan wannan ziyara sai ya ɗauke ƙafa, wata biyu cur, yana aika gaisuwa ta waya yana cewa aiki ya yi yawa. Ba aiki ba ne. Ba ya son idon nan ne da ya kalle shi.

Wayar ta zo ranar wata Alhamis cikin watan Agusta, da hantsi bai gama ɗagawa ba, yana ɗaure akwati zai tafi Maigatari. Naja'atu ce, 'yar Hamma, muryarta a dushe.

"Kawu, Baba ya cika. Bayan asuba."

Ya yi salati, ya zauna kan turminsa.

"Liman ya ce a gaya maka ana jiranka, ba wanda zai taɓa shi. Kawu, ko a nemi mai mashin ya zo ya ɗauke ka? Duk sun tafi kasuwa, amma za a samu."

"Kafin mashin ya zo ya koma na iso," in ji shi. "Ki ce a ɗora ruwa."

A Gumel ɗin ma akwai masu mashin a tasha, taku kaɗan daga rumfarsa. Ya gan su. Amma mutumin da ya yi shekara arba'in yana cewa kekensa ya fi mashin, kuma zai je sallama da wanda suka sayi keken tare, ba ya jin zai iya isa ƙofar gidan nan a bayan wani. Ya sauke akwatin don ya rage nauyi, ya zari sufana ɗaya da filaya ya sa a aljihu, ya hau.

A kan kwalta keken ya yi gudu kamar ya san inda za shi. Kafin Sule Tankarkar akwai wata hanyar ƙasa da ta yanke arewa ta cikin gonaki, tana rage tafiya sosai. Da rani siririn taya ba ya bin ta saboda yashi, amma an yi ruwa shekaranjiya, ƙasa ta kama. Ya karkata ya bi ta. Gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, ba kowa, duk mai amalanke da mai jaki ya yi gabas wajen kasuwa tun da sassafe. Yana tafe yana tsara yadda zai yi. Zai sa a kafa labule, zai karɓi butar da kansa in ya ga mai zuba ruwan yana da leƙe-leƙe, zai rufe ƙirjin da ƙyalle tun kafin ya cire taguwar.

Ya yi nisa, ya wuce inda ake jin ƙarar mota, sai ga wata jigawa a gabansa, doguwa, ruwa ya zaizaye gefenta. Kullum in ya zo irin wannan wuri sauka yake ya tura. Ranar nan ya dubi rana, ya ga ta ɗaga, ya tuna ana jiransa da gawa. Ya miƙe tsaye a kan feda ya danna.

Ba wata babbar ƙara aka yi ba. Wani ɗan gurzo ne kawai, sai fedar ta tafi fayau ba komai a ƙarƙashinta. Ya faɗo kan ƙarfen tsakiya, keken ya kife da shi, gwiwarsa ta dama ta daki wani kututture. Ya daɗe a kwance yana jin ƙasa a bakinsa. Da ya tashi ya juya feda da hannu, kaca na tafiya, faifan na juyawa, wili yana tsaye. Ga ɗan gwangwanin tumatir ya leƙo ta gefe, a murƙushe, tare da garin ƙarfe mai ƙyalli. Tiredin ne ya zama gari.

Ya ciro waya. Ba sabis, sai wani na Nijar da ke leƙowa yana ɓacewa. Ya ja ƙafa ya hau kan jigawar ya ɗaga wayar sama, ya kira Naja'atu sau biyar, ko shiga ba ta yi ba.

Nan ne ya yi wautar da ta fi ta farko. Da ya jefa keken cikin gero ya kama hanya a ƙafa, ko da ɗingishi, da wataƙila ya isa. Amma makaniki ne, kuma makaniki ba ya yarda ƙarfe ya fi shi. Ya kwance wayar birkin baya, ya ɗaure babban faifan da wayoyin wili tamau, yadda in faifan ya juya dole wilin ya bi. Aikin ya ci kusan awa guda. Ya hau, ya yi tafiyar da ba ta fi tsawon gona uku ba, wayar ta tsinke. Ya kwance ta gaba ya sake ɗaurawa, ya ƙara da zariyar wandonsa, ya ɗaure wandon da tsumman goge hannu. Wannan karon wayoyin wilin ne suka ɓalle, huɗu a jere, wilin ya karkace ya cije a jikin ƙarfe, ko turawa ba ya yi.

Rana ta take tsaka. Gwiwar ta kumbura ta cika wando. Ya ɗaga keken ya saɓa a kafaɗa, kuma kada a tambayi dalili, shi ma bai sani ba. Ya yi ta jan ƙafa yana kuka, tsoho ɗan kusan saba'in, kuka da murya, ba mai jinsa sai gero. Yana cewa, "Ladan, ka jira ni. Don Allah ku jira ni." Gabas ta fara haɗa hadari. Da ya ga haka ya san an gama, don ba limamin da zai bar kabari a buɗe ruwa ya cika shi saboda wani mai gyaran keke.

Ya shiga Rijiyar Tsamiya ana kiran la'asar, da wata murya da bai sani ba. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, mutane zaune, ƙafafunsu da jar ƙasar maƙabarta. Ya jingine keken a bango ya yi sallama. Aka amsa, aka yi masa gaisuwa, Liman ya matsa masa wuri.

"Malam Ɗalhatu, mun jira," in ji Liman a hankali. "Har azahar ta wuce. Wayarka ba ta shiga, ga hadari. Gawa ba ta jira, ka sani."

"Wa ya yi masa?"

Liman ya dubi tabarma. "Malam Abdulbaƙi, da mutum biyu da suka taimaka."

Mutum uku. Ɗalhatu ya san Abdulbaƙi, mutumin kirki ne a wajen salla, amma cikinsa ba ya riƙe magana ko ta kwana ɗaya. Ya ɗaga kai ya dubi jama'a. Ya halarci zaman makoki ba iyaka, ya san yadda na mutumin kirki yake, kowa na ƙoƙarin ya faɗi wani alheri da mamacin ya yi masa. Nan ba mai cewa komai. Ana yin addu'a a shafa, sai a yi shiru, wani ya dubi wani. Can gefe wasu matasa biyu sun haɗa kai, ɗaya yana zana wani abu da yatsa a ƙirjinsa, ɗayan ya toshe baki. Wani dattijo ya ce, "Allah dai ya sa mu cika da kyau, mutum mugun icce ne," aka ce amin da ƙarfi fiye da kima.

Naja'atu ta leƙo ta ce ana kiransa ciki. Idanunta sun kumbura, kuma ba ta dube shi ba. Da ganin yadda take sunkuyar da kai ya san maganar ta riga ta shiga har wurin mata, ta ji abin da ba ta taɓa sani ba game da ubanta, a ranar da aka binne shi.

Rakiyya tana cikin ɗaki bayan asabari, ba ya ganin ta sai inuwarta. Ya durƙusa a bakin ƙofa da ƙyar, ya yi mata ta'aziyya. Ta amsa duka, yadda ake amsawa.

"Malam Ɗalhatu," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Shekara arba'in da ɗaya ina rufe abin nan. Ni ke wanke taguwar, ni ke tsare ƙofa in zai yi wanka. Da ya kwanta, ni kaɗai ke juya shi, bayana har yau bai miƙe ba, don kada wani ya taimaka ya gani. Kai safiya ɗaya aka roƙe ka."

Bai ce keke ne ya lalace ba.

Hannunta ya fito ta ƙarƙashin asabarin ya turo wani ƙunshi a tsohon hirami. "Ya ce a ba ka, ko kana so ko ba ka so. Tun zuwanka na ƙarshe ya sa aka sauke masa keken. Kwana uku yana fama da hannu ɗaya, ya danne wilin da ƙafa, bai yarda kowa ya taɓa ba. Kullum yana cewa gobe za ka zo."

Ya kwance. Firiwil ne mai faifai biyar, an wanke shi da kananzir, an shafe shi da man gyaɗa, haƙoransa cif kamar ba a taɓa hawa ba.

A bayan mashin aka mai da shi Gumel washegari, keken a ɗaure a gicciye, mutanen tasha na kallo. Kafin sadakar bakwai labari ya kai Sule Tankarkar, kafin ta arba'in wani mai kawo faci ya ba shi shi a rumfarsa, da ƙari, bai san da wa yake magana ba. A Rijiyar Tsamiya yanzu in za a yi kwatancen gidan, ba a cewa gidan Ladan. Cewa ake gidan mijin Kyauta. Naja'atu ta ɗauke uwarta sun koma Gagarawa wurin dangin mijinta.

Ɗalhatu yana nan gindin darbejiya, da sanda yanzu, gwiwar ba ta koma daidai ba. Ya daina cin kasuwanni. Yana faci, yana ɗaure birki, in aka kawo masa aikin giya sai ya ce a kai gaba. Sati biyu bayan rasuwar ya sauke wilin bayan, ya miƙe shi, ya sa sababbin wayoyi, ya goge cibiyar tas. Ya ɗauko firiwil ɗin Hamma ya ɗora, ya murɗa a hankali da yatsa biyu, yadda aka koya musu. Na asali ne, nasa ne, da wata biyu baya ne da ya shige kamar an zuba shi. Ya yi ta juyawa a kan cibiyar, yana juyawa, ba abin da ya rage da zai kama.